Zanen Soro da Wayar Wuta: Kundin Aikina na Hoto a Birnin Zariya

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau malamin da ke duba aikina na ƙarshe ya sa hannu a kan batun da na kai masa, wato hotunan fuskokin gidaje masu zane a cikin birnin Zariya da Tudun Wada. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini. Duk hoton da zan rataye ranar baje koli, sai asalinsa yana ajiye yadda ya fito daga kyamara, kuma sai na iya faɗin abin da na taɓa a jikinsa da dalilin taɓawar. Don haka na buɗe wannan kundi.

Gidajen nan ƙarewa suke yi a kan idonmu. Wanda damina ba ta kayar ba, mai shi na samun hali zai rushe ya sa bulo da tayil, kuma ban ga laifinsa ba. Ginin ƙasa yaɓe yake so a kai a kai, maginan da suka iya aikin kuwa yawancinsu sun manyanta. Amma garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa masallacin Juma'a tun zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, bai kamata a wayi gari ba shi da abin nuna wa jikoki sai labari ba.

Dagi da takobi da allo kowa ya san su a jikin soro. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gidajen da aka ƙawata a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, inda magini ya zana keke, ko mota, ko agogo, har da jirgin sama, daf da dagin. Abin da zamaninsa ya kawo, shi ya ɗora a bango, bai ji cewa ya ɓata gargajiya ba.

Kayan aikina tsohuwar kyamarar Canon ce ta aro, da kwamfutar situdiyon da nake yi wa gyaran hotunan biki a ƙarshen mako.

Asabar, 25 ga Janairu

Hazo ya sauka sosai. Zanen soro tudu ne da kwari, inuwa ce ke fito da shi. In rana ta take tsaka, ko hazo ya shanye ta, sai bangon ya zama shafe, ba ka gane hannun magini. Na fahimci gidan da ke kallon gabas nasa tsakanin fitowar rana ne da hantsi, mai kallon yamma kuma sai bayan la'asar. Na tsara unguwannin a kan haka: Kwarbai da Babban Dodo da safe, wajen Ƙofar Doka da Tudun Wada da yamma.

A Lightroom, manhajar gyaran hoto, akwai wani maɓalli na yaye hazo. Ka ja shi kaɗan, sama ta koma shuɗiya, bango ya yi ja jawur. Kyau kam akwai, sai dai ba Zariyar watan Janairu ba ce. Bangon da aka shafe da makuba yana da wani duhu-duhun ja mai kama da ƙasa-ƙasa wanda in ka ƙara masa launi sai ya koma ruwan lemo, duk wanda ya tashi a gidan ƙasa kuma zai gane an yi masa ƙari. Yanzu kafin kowane gida nakan ɗauki hoton wani kati mai ruwan toka a jikin bangon, in daidaita launin sauran hotunan da shi. Hazo kuwa na bar shi a inda yake.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Wayar wuta ta zame mini babbar magana.

Kusan babu gidan da waya ba ta ratsa fuskarsa ba. Ga mita a gefen ƙofa, ga faifan satalayit tsakanin zankwaye, ga ragowar fostar 'yan takarar 2023 ta kama bango, ga kuma rubutun alli da masu allurar shan inna ke bari a ƙofa don su san gidan da suka shiga. Akwai wani soro a Kwarbai mai dagi uku a jere, waya ta bi ta tsakiyar na biyun. A manhajar Photoshop cire ta ba ya cin minti biyu. Na cire, na ajiye gefe guda da wanda ban cire ba, ina ta kallonsu.

Wata abokiyar karatuna da ke ɓangaren zanen fenti ta ce ita ba ta ga abin wahalar da kai ba. Ni ɗalibin fasaha ne, ba ɗan jarida ba, kuma in ita ce ke zana soron nan da buroshi ba wanda zai tilasta mata sa waya. Maganarta tana da ƙarfi. Dokar hana cire abu daga hoto ta 'yan jarida ce. Su ne suka yi ca a kan mujallar National Geographic a 1982, lokacin da ta matso da manyan gine-ginen dala biyu na Giza a Masar kusa da juna don hoton ya shiga bangon mujalla. Su ne kuma a gasar World Press Photo ta 2015 suka fitar da kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda an yi musu gyaran da ya wuce ƙa'ida. Ni ba gasar jarida zan shiga ba.

Sai dai wanda ya tsaya gaban zanenta ya san hannu ne ya yi, ya san ta zaɓa ta zubar. Wanda ya tsaya gaban hotona kuwa zai ɗauka haka gidan yake. Nan da shekara talatin, in soron ya tafi, hoton ne zai zama shaida, kuma ba na son shaidar da zan bari ta ce a 2025 mutanen Kwarbai ba su da lantarki. Ban yanke hukunci ba tukuna. Zan wanke duka biyun in kai wa masu gidan.

Talata, 18 ga Fabrairu

Mai unguwa ya haɗa ni da wani dattijo magini, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Na same shi a zaure bayan azahar, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce, "To ɗan nan, zauna. Kai hoto kake ɗauka, ka san abin da kake ɗauka kuwa?"

Daga nan karatu ya fara. Ya ce tubali da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana, ba a gasawa. Azara daga giginya ake tsaga ta, saboda gara ba ta cika cin ta ba, ita ake jerawa a ɗaure bakan gizo da rufi. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samo ta. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da kan katanga da shi don ruwa ya zame, haɗin abu uku ne: katsi daga marina, gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Ya ce ka ga kenan magini ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da marini da majemi. Da marinar unguwa ta mutu, laso ma sai ya yi wuya. Zane kuma tun yaɓe yana ɗanye ake yin sa, da yatsa da 'yar wuƙa. Daga baya ne aka koma kankare siminti ana shafa fenti.

Na miƙa masa hotunan biyu ban ce komai ba. Ya daɗe yana duba wanda na share wa waya da alli da fosta, har da takalman da ke bakin ƙofa. Ya ce, "Wannan masu gidan sun tashi ne?" Na ce a'a Baba, gida ɗaya ne, gyara na yi. Ya ajiye shi ya ɗauki ɗayan, ya ce wannan shi ne gidan da ya sani.

Na fito ina jin magana ta ƙare. Ashe da saura. Da na kai wa mai gidan kansa, shi na gyararren ya zaɓa, har ya roƙe ni in ƙara share wata tsaga da ta sauko daga indararo zuwa ƙofa. Ya ce, "Samari, in za ka nuna wa duniya gidan mahaifina, kada ka nuna shi da rauni. Bayan sallah zan sa a yaɓe." Wannan ba son ƙarya ba ne. Mutunci ne, irin wanda ke sa mutum ya sa babbar riga in za a ɗauke shi hoto. Ni na zo neman tarihi, shi kuwa gidansu ne, a nan aka yi sunansa.

Abin da muka tsayar: zan ba shi gyararren ya rataye a ɗakinsa, kyauta. Wanda zai shiga baje koli kuwa ba zan ɗauka ba sai ya yi yaɓen, in dawo. Tsagar za ta tafi da hannun magini, ba da nawa ba. Wayar wuta tana nan.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Aikin makaranta ya tsaya saboda bukukuwa. Kowa na son a ɗaura kafin azumi, situdiyo ta cika da hotunan kamu da na dina.

A nan ne nake yin gyaran da ya fi kowanne nauyi a zuciyata. Kusan kowace amarya, ko ƙawarta da ta zo karɓar hotuna, kalma ɗaya ce: a ƙara haske. Ba hasken ɗaki ake nufi ba, na fata. A goge ƙuraje, a santsar da kumatu har ramukan gashi su ɓace, a ɗaga launin fuska mataki biyu ko uku. Wani lokaci uwar amarya kan kalli hoton ta yi shiru. Ina yi, domin aikin mai situdiyo ne kuma da shi nake biyan kuɗin wanke hotunan makaranta, amma abin yana damuna ƙwarai. Yarinya baƙa kyakkyawa, ranar da ta fi kowace rana a wurinta, a ajiye mata hoton wata.

Matsalar ta girmi Photoshop, wanda sai 1990 ya fito. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake auna ko launi ya daidaita. Fim ɗin kansa an gina shi ne a kan farar fata, baƙin mutum ya fito ba a ganin komai sai ido da haƙori. Sai da masu sayar da cakulan da kayan katako suka yi ƙorafi cewa launin hajarsu ba ya fita, sannan aka mai da hankali ga launuka masu duhu. Yau kyamarar waya da kanta take haskaka fuska tun kafin ka nema.

Na ɗauki Baba magini a bakin zaurensa, zai shiga cikin aikin. Fatarsa baƙa ce sosai, rana ta dafa ta, farar hularsa kuma tana ruɗa kyamara ta duhunta fuskar. Na buɗe inuwar da ke ƙarƙashin hular har idanunsa suka fito, na tsaya a nan. Akwai bambanci tsakanin ka sa a ga mutum da ka sauya shi, kuma a fuska na fi ganin iyakar fiye da a bango.

Lahadi, 16 ga Maris

Azumi ya rage yawo, sai na gwada fitar da wasu hotunan in ga yadda za a karɓe su.

A Instagram na sa soro guda iri biyu. Wanda na ƙara wa ja da shuɗi, na datse gefensa har babur ɗin da ke jingine ya fita, shi mutane suka fi so nesa ba kusa ba, kuma yawancinsu ba 'yan nan ba ne. Wani daga Turai ya rubuto cikin ladabi yana tambaya ko ina da irinsa da yawa, waɗanda babu kayan zamani a ciki. A WhatsApp kuwa, inda 'yan uwa da mutanen gari suke, ba wanda ya yi maganar launi. Tambayarsu ita ce, wannan ba lungun su wane ba ne? Wata gwaggona ta gane gidan da ta yi makarantar allo ta wurin bishiyar darbejiyar da ke gefe, abin da na kusa datsewa.

Wannan ya sa na koma kan Seydou Keïta, mai hoton Bamako da ya buɗe situdiyonsa a 1948. Mutanen gari yake ɗauka, su zo da adonsu, ya ba su aron rediyo ko agogo ko babur su riƙe, ya wanke musu ɗan ƙaramin hoto su kai gida ko su aika ƙauye. Sai a shekarun 1990 aka fara buga hotunan manya-manya ana ratayewa a Turai da Amurka, har a wani baje koli a New York a 1991 an nuna aikinsa ba tare da sunansa ba. Abin da ya sa hotunan suka yi ƙarfi a can shi ne ba don can aka yi su ba. Mutumin da ke gaban kyamarar shi ne mai biya, shi ake son a faranta wa, shi ya sa yake kallonka da cikakken iko.

Ina son aikina ya je nesa, ba zan ɓoye ba. Amma in na fara gyara hoto da tunanin abin da baƙo ke son gani, zan ƙare ina ƙera masa Zariyar da babu kowa a cikinta. Masu kallona na farko su ne waɗanda za su iya cewa ƙarya ne.

Juma'a, 11 ga Afrilu

An duba aikinmu a aji. Wani ya yi tambayar da na san za ta zo: mene ne sabo a nan? Turawa sun ɗauki gidajen nan tun zamanin mulkinsu, masu nazarin gine-gine sun ɗauka, kuma zanen ma ba nawa ba ne, na magini ne. Ni me na ƙirƙira?

Na kwana biyu ina juya ta. A garin nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya, tun makarantar tana kwaleji, kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ba su ce a zubar da abin da Bature ya koyar ba. Cewa suka yi a haɗa shi da na gida. Okeke ya koma kan zanen uli na matan Ibo, wanda ba shi ya ƙago ba, ya fitar da hannunsa daga ciki. J.D. 'Okhai Ojeikere kuma daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, kusan hoto dubu, yawanci daga ƙeya, a kan fili mara ado. Kitson na makitsa ne. Nasa shi ne ya ga abin ya cancanci a tsaya a kansa shekara da shekaru, da tsari guda, har ya zama taska.

Na tambayi Baba ko shi ya taɓa ƙago zanen da ba a taɓa yi ba. Ya ce dagi dai dagi ne, kowa ya gada, amma ka kai shi kowace unguwa zai nuna maka wanda mahaifinsa ya yi da wanda wani ya yi, ta wurin kaurin layi da yadda aka karya kwana. A wurinsu ba a neman sabo don sabo, hannu ake nema.

Nawa hannun, in akwai, yana cikin inda na tsaya, da lokacin da na zo, da abin da na ƙi cirewa. Tsofaffin hotunan da na gani yawanci gini suke nunawa shi kaɗai. Ni ina son soron da mitarsa da allin masu rigakafi da yaron da ke leƙowa, domin maginin da ya sa keke kusa da dagi ya riga ya nuna mini cewa bangon nan ba ya gudun zamani.

An kuma yi maganar ƙirƙirarriyar basira, tunda yanzu Photoshop na iya cike gurbin da ka goge da abin da ya ga dama. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony da hoton da na'ura ta haɗa, sannan ya ƙi karɓar kyautar don a tsaya a bambance hoton kyamara da na na'ura. Na gwada a kan wani soro da gefensa ya zube. Ta cike wurin da wani ado mai kyan gani wanda ba na Zazzau ba ne, ba na ko'ina ba ne, layukan ba sa shiga juna yadda dagi ke yi. Ba zan yi amfani da ita a wannan aiki ba. Inda ya zube zai fito a zube.

Litinin, 5 ga Mayu

Ruwa ya fara sauka. Mai gidan Kwarbai ya cika alkawari, an yi yaɓe kafin damina ta kankama, kuma Baba ne ya tsaya a kan aikin da yaransa. Na ɗauki aikin tun daga kwaɓa ƙasa har fitar da zanen, na kuma ɗauki soron da hantsi bayan ya sha iska. Wani gida a Tudun Wada mai zanen agogo kuwa na tarar an fara sa masa bulo ta gaba. Hoton da na yi masa a watan Janairu, cikin hazo, shi ke nan abin da nake da shi, haka zai shiga.

Na rubuta wa malam ƙa'idar gyaran da zan bi, ya karɓa. Zan daidaita haske da launi su koma yadda ido ya gani, zan goge ɗigon ƙurar da ta hau gilashin kyamara, zan miƙar da layin gini in kyamara ta karkatar da shi. Ba zan cire abin da ke wurin ba, ba zan ƙara wanda babu ba, ba zan taɓa launin fatar kowa ba. Wannan bayani zai kasance a rubuce a bakin ƙofar ɗakin baje kolin, da Hausa da Turanci.

Gwajin wanki na farko ya nuna takarda mai sheƙi tana sa bangon ƙasa ya yi kamar roba, don haka na koma mara sheƙi. Jan yana fitowa da ɗan duhu fiye da na kwamfuta, sai na zauna da mai injin mu daidaita. Ƙarƙashin kowane hoto za a sa unguwa da watan da aka ɗauka, da sunan maginin in masu gida sun sani kuma sun yarda. Wannan ya zama aiki mai zaman kansa, domin gidaje da yawa sai an nemo tsohuwar da ta fi kowa shekaru kafin a tuna wanda ya yi zanen.

Mai unguwa ya amince a fara rataye hotunan a zaurensa kwana biyu kafin a kai su makaranta, don masu gidajen su riga kowa gani, wanda kuma bai yarda da nasa ba a sauke. Saura unguwannin wajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana ban taɓa ba, ga kuɗin firam ban haɗa ba. Ranar Asabar zan fara da Ƙofar Gayan in hadari bai rufe rana ba.